Hayaƙin matoya, ramin yumɓu da tsadar itace: ta ina mai gasa jan bulo zai fara gyara?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin wurin buga jan bulo a bayan garinmu, kuma mata masu ginin tukwane suna ɗibar yumɓu a rami ɗaya da mu. Kuɗin itace ya kusa cinye ribar, maƙwabta suna kuka da hayaƙi, dagaci kuma ya yi mini magana a kan ramin da ke cika da ruwa da damina. Wani ya ce in ci bashi in gina tanderun zamani, wani kuma ya ce in koma ƙona tsofaffin tayoyi da baƙin mai don sun fi araha. Mece ce gaskiyar lamarin, kuma ta ina zan fara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka daidai, abubuwa uku ne suka taru maka a lokaci guda, wato tsadar abin ƙonawa, hayaƙin da ke damun jama'a, da ramin da ake haƙar yumɓu, kuma kana neman hanyar rage ɓarna ba tare da sana'ar ta durƙushe ba. Na daɗe ina aiki da masu gasa bulo da magina tukwane, na kuma yi wani lokaci a masana'antar tayil, kuma abin da na sha gani shi ne waɗannan matsaloli uku uwarsu ɗaya. Baƙin hayaƙin da maƙwabta ke kuka da shi itace ne da ka saya da kuɗinka wanda bai gama ci ba ya tashi sama. Bulon da ya fashe a wuta kuwa yumɓu ne da aka haƙa, aka kwaɓa da ruwa, aka biya lebura, aka ƙona masa itace, sannan aka zubar, dole kuma a koma rami a sake haƙo madadinsa. Saboda haka shawarata a taƙaice ita ce kada ka fara da bashi, kada kuma ka kusanci taya. Ka fara da awo, da gyara abin da ke faruwa kafin a kunna wuta, domin a can ne mafi yawan asarar ƙananan masu sana'a take ɓoye.

Abin da wuta take yi wa yumɓu

Ba za a gane inda itace ke salwanta ba sai an san aikin da ake so wutar ta yi. Daga kunna wuta har zafi ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salsiyos, ba abin da ake yi illa korar ragowar ruwan da ya maƙale a jikin bulo. Wannan shi ne lokacin da farin tururi ke tashi, kuma idan aka yi gaggawa a nan tururin zai rasa hanyar fita ya tsaga bulon daga ciki. Tsakanin digiri 450 zuwa 600 ruwan da ke haɗe da ainihin ƙwayar yumɓu yake fita, daga nan ne ƙasar take tashi daga laka ta zama abin da ruwa ba zai sake narkar da shi ba. A daidai digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikin yumɓu sukan kumbura farat ɗaya, idan ana hucewa kuma su sake tsukewa a daidai wannan wuri, shi ya sa buɗe matoya da wuri yake jawo tsagewa ko da gashin ya yi kyau. Ciyayi da saiwoyi da sauran abubuwan da ke cikin ƙasar suna ƙonewa har zuwa wajen digiri 800, kuma suna buƙatar iska, idan ba su samu ba sai a tarar da cikin bulon ya yi baƙi kuma ba shi da ƙwari. Ƙwarin gaske yana samuwa ne tsakanin digiri 900 zuwa 1,050 ga yawancin jan bulo. Tukwanen gargajiya da ake toyawa a fili ba su cika wuce 600 zuwa 900 ba, tayil ɗin masana'anta kuma yakan kai kusan 1,200.

Zafin da yumɓu da kansa yake buƙata domin ya bi waɗannan matakai bai kai rabin abin da ake ƙonawa a tarin bulon da aka jera a fili aka cinna wa wuta ba. Sauran yana fita ne ta sama tare da hayaƙi, ko ta gefen tarin da iska ke bugawa, ko ya shige cikin ƙasa mai damshi, ko kuma ya tafi a banza lokacin da bulon ke hucewa. Masu bincike suna auna wannan da megajul, wato ma'aunin yawan zafi, a kan kowane kilo na gasasshen bulo. Tarin fili yakan ci daga 2 zuwa 4, wani lokaci fiye, alhali tanderun da wutarsa ke tafiya ba tsayawa yakan tsaya kusa da 1 zuwa 1.5. Bari in mayar maka da shi itace. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ba da kusan megajul 15. Idan bulonka yana da nauyin kilo 3, kuma matoyarka tana cin megajul 3 a kilo, bulo 10,000 za su cinye tan 6 na itace, amma da za a sauko da shi zuwa 2, tan 4 ya ishe ka. Wannan tan 2 da ke tsakani shi ne abin da nake so mu nema, kuma ana samun kaso mai tsoka daga ciki ba tare da an gina sabon abu ba.

Awo kafin komai

Kusan duk wanda na tambaya nawa yake ƙonawa, amsar da nake samu ita ce "mota biyu" ko "amalanke kaza". Mota ba ma'auni ba ce, domin lodin yau ba shi ne na gobe ba, kuma ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ka nemi sikeli irin na 'yan hatsi da littafi guda, a kowane gashi ka rubuta yawan bulon da aka jera, kilo nawa na itace aka ƙona, tsawon lokacin da wutar ta yi, sannan bayan an kwashe a ƙirga kashi uku: masu kyau da ake sayarwa da cikakken farashi, waɗanda ba su gasu ba ko suka ƙone suka lanƙwashe, da fasassu. Lissafin da ya dace ka riƙa dubawa shi ne itacen da ya tafi a kan kowane bulo mai kyau, domin shi ne wanda ake biyan ka. A wuraren da na yi wannan ƙirga tare da masu sana'a, ba abin mamaki ba ne a tarar ɗaya cikin kowane biyar bai kai kasuwa da darajarsa ba, kuma mai wurin bai taɓa lura ba saboda ya saba ganin tarin fasassu a gefe.

Idan da hali, ka sayi ma'aunin zafi mai dogon tsinke da ake cusawa cikin tanderu. Kuɗinsa bai kai na lodin itace ɗaya ba a yawancin wurare, kuma zai nuna maka bambancin zafi tsakanin tsakiyar tari da gefensa, wanda sau da yawa yakan kai ɗaruruwan digiri. Idon tsohon mai gashi abin girmamawa ne, yana karanta launin wuta daga ja mai duhu zuwa ruwan lemo, amma ido ba ya barin rubutun da za a kwatanta gashin bara da na bana.

Yumɓu da shanya

A nan nake so in daɗe, domin nan ne gyara ya fi araha. Yumɓun da aka haƙo yau aka kwaɓa gobe ba ya ba da bulo mai kyau. Abin da ya fi shi ne a haƙa tun ƙarshen kaka a tara, a bar rana da raɓa su farfasa shi, sannan a jiƙa shi a rami ya kwana biyu ko uku kafin a tattaka. A tsince tsakuwa da saiwoyi, musamman fararen ƙananan duwatsun alli, domin wuta tana mayar da su ɗanyen alli mai ƙishirwa, wanda bayan an yi gini zai sha damshi ya kumbura ya ɓantare fuskar bulon. Rariyar waya mai ƙananan idanu tana maganin wannan.

Akwai gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi a gida. Ka murza yumɓun ka yi ɗan sanda mai faɗi, ka ja layi biyu da tazarar santimita 10 daidai, ka bar shi ya bushe a inuwa, sannan ka sake aunawa. Idan ya tsuke da rabin santimita zuwa kashi 7 cikin 10 na santimita, yumɓun yana da dama. Idan ya kusa santimita guda ko ya wuce, ya cika danƙo, zai tsage a shanya, kuma yana buƙatar a sirka shi. Matan da kuke ɗibar yumɓu tare sun riga ka sanin maganin, domin magina sun daɗe suna daka tsingaro su zuba a cikin sabon kwaɓi. Fasassun bulon da ke jibge a wurinka haka suke, idan aka daka su aka tankaɗe za su rage tsukewa, su taimaka wa tururi ya fita, su kuma rage yawan sabuwar ƙasar da ake haƙowa. Ka fara da kashi 1 cikin 10, ka gasa 'yan kaɗan ka gani kafin ka ƙara.

Sai shanya. Rana da iskar hunturu kyauta suke, itace kuwa saye ake yi, amma saboda gaggawar cika alkawarin mai saye sai a jera bulon da bai gama bushewa ba. Ka duba lissafin: idan kowane bulo mai kilo 3 ya shiga wuta da ragowar ruwa kashi 5 cikin 100, a bulo 10,000 akwai lita 1,500 ta ruwa, wato durom 7 da rabi, da dole itacenka ya tafasa ya mayar tururi kafin gashi ya fara. Hanyar ganewa ita ce a ware bulo 5 a riƙa auna su kullum, ranar da nauyinsu ya daina raguwa sun bushe. A kwana biyun farko a rufe su da ciyawa ko tabarma don kada iskar hunturu ta busar da fata ta bar ciki, daga baya a jera su a kan gefe da tazara yadda iska za ta ratsa. Wurin da ake kafa tarin ma ya kamata ya zama tudu busasshe, a shimfiɗa masa sahu ɗaya na gasasshen bulo a ƙasa, domin ƙasa mai damshi tana shan zafi tana kuma aiko da tururi cikin sahun farko.

Girman bulon shi ma abin dubawa ne. Bulo mai ramuka yana rage yumɓu da abin ƙonawa da kashi 1 cikin 4 ko fiye, yana saurin bushewa, kuma ɗakin da aka gina da shi ya fi sanyi, sai dai yana buƙatar injin matsa yumɓu da kwaɓi mai laushi sosai. Wannan mataki ne na gaba, ba na bana ba.

Abin ƙonawa

Batun taya da baƙin mai, amsata a'a ce, kuma ba na sassautawa a kai. Taya tana ɗauke da farar wuta da sinadarin zinki da wayoyin ƙarfe, kuma a matoyar da ba ta da isasshiyar iska tana fitar da baƙin hayaƙi mai ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo cutar daji da ciwon huhu. Baƙin man da aka juye daga inji yana ɗauke da ƙarafa masu guba, waɗanda ke sauka a kan gonaki da rijiyoyi da abincin da aka shanya. Wanda zai fi kowa shaƙa shi ne yaron da ke tsaye yana zuba wutar, sannan iyalan da ke bayan iska. Arahar da ake gani ta samu ne saboda an ɗora kuɗin a kan ƙirjin wasu, kuma ranar da hukuma ko jama'ar unguwa suka tashi, wurin gaba ɗaya za a rufe.

Abin da ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne ragowar amfanin gona. Buntun shinkafa yana ba da zafi kusa da na itace, megajul 13 zuwa 15 a kilo, kuma a wurare irin su Kura da Haɗeja da Argungu ana tara shi tsibi-tsibi a bayan injinan casa. A yankin kogin Mekon na ƙasar Biyetnam da shi ake gasa bulo da tukwane tun da daɗewa. Akwai kuma garin katako, ɓawon gyaɗa da totuwar masara. Hanya mafi amfani ita ce a cakuɗa wani kaso a cikin kwaɓin kansa, yadda kowane bulo zai shiga wuta da ɗan makamashinsa a jiki, ya gasu daga ciki. Masu buga bulo a gaɓar kogin Shuɗin Nilu kusa da Khartum ta Sudan suna yin irin wannan da kashin dabbobi. Sai dai akwai iyaka: idan ya yi yawa bulon zai yi sakayau ya riƙa shan ruwa. Ka gwada kashi 3, da 5, da 8 cikin 100 na nauyi, ka gasa, ka auna kowanne a bushe, ka jiƙa shi a ruwa awa 24 ka sake aunawa. Wanda ya sha ruwan da ya wuce kashi 20 cikin 100 na nauyinsa bai dace da bangon waje ba. Ka kuma gwara biyu ka ji, mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe. Ka lura cewa buntu yana barin toka mai yawa, kusan kashi 1 cikin 5 na nauyinsa, kuma wannan toka ana iya mayar da ita cikin kwaɓi a matsayin sirki.

Itacen da za a ci gaba da amfani da shi a saye shi da wuri, a faskara, a jera ya bushe. Yadda ake zuba shi ma yana da tasiri ƙwarai. Idan aka cika bakin wuta da itace lokaci guda, iska ba ta isa, sai hayaƙi ya turnuƙe, zafi ya faɗi, daga baya ya yi tsalle. Zuba kaɗan-kaɗan a kai a kai yana ba da wuta mai haske da hayaƙi mara duhu, sai dai yana gajiyar da mai aikin, don haka dole a raba dare tsakanin mutane a kuma biya su daidai wahalarsu. Ka hana kowa kwanciya a saman tari ko kusa da bakin wuta don jin ɗumi da hunturu, domin akwai iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum cikin barci.

Shin a gina sabon tanderu?

Tunanin da ke bayan duk tanderun zamani ɗaya ne, wato kada a bar zafi ya fita sai ya yi aiki sau biyu. Wani Bajamushe mai suna Friedrich Hoffmann ya yi rajistar irin wannan tanderu a 1858: wuta tana zagayawa ɗaki bayan ɗaki, iskar da za ta hura wutar tana bi ta cikin bulon da ya gasu ta ɗauki zafinsa, hayaƙin kuma yana bi ta cikin ɗanyen bulo ya ɗumama shi kafin ya fita. Tanderun zigizag da ya yaɗu a Kudancin Asiya jikan wannan ne, ana jera bulon yadda iska za ta riƙa karkacewa hagu da dama, tafiyarta ta yi tsawo. Bayan girgizar ƙasar Nepal ta watan Afrilun 2015, wadda ta rusa bututun hayaƙin tanderu masu yawa a kwarin Katmandu, an sake gina da dama daga cikinsu a wannan tsari, kuma a 2022 gwamnatin Indiya ta fitar da dokar da ta wajabta wa masu gasa bulo komawa zigizag, ko tanderu mai tsaye, ko iskar gas. Abin da aka samu da tsarin zigizag shi ne raguwar kwal da kusan kashi 1 cikin 5, da ƙaruwar bulo mai daraja ta ɗaya zuwa kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Amma irin wannan tanderu an yi shi ne don wanda ke fitar da dubban bulo a kowace rana tsawon rani ba tare da wutar ta mutu ba. Idan kasuwarka ba ta kai haka ba, bashin zai danne ka, tanderun kuma zai riƙa ɓarnar itace saboda kunnawa da kashewa. Darasin yana nan kusa da mu, domin manyan masana'antun jan bulo da gwamnatin tarayya ta kafa a shekarun 1970 a wurare irin su Jos da Maiduguri sun sha fama da tsadar mai da rashin wutar lantarki da kayan gyara, ga bulon siminti ya mamaye kasuwa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, matakin farko shi ne gyara tarin da ake da shi: a yi shi babba kuma kusan murabba'i domin gefen da ke zubar da zafi ya ragu, a kewaye shi da fasassun bulo a yaɓe da laka mai kauri, a rufe sama da toka ko ƙasa bayan tururi ya gama fita, a kafa zana ko kwano ta ɓangaren da iska ke bugowa. Mataki na biyu, idan littafinka ya nuna riba ta tsaya, shi ne tanderu mai rufin baka wanda wuta ke hawa sama ta sauko ta cikin bulo kafin ta fita ta bututu. Idan aka gina ɗaki biyu manne da juna, hayaƙin na farko zai busar da kayan na biyu. Wannan ana gina shi da bulonka, kuma ku da magina tukwane za ku iya yin karo-karo ku yi amfani da shi tare.

Manyan masana'antu ma a kan wannan tunani suke. A Sassuolo ta Italiya, cibiyar tayil ta Turai, ana mayar da ruwan wanke injina da fasassun ɗanyen tayil cikin kwaɓi, zafin sashen hucewa kuma ana tura shi ɗakin busarwa. A Morbi ta jihar Gujarat, cibiyar tayil ta Indiya, kuwa, sai da kotun muhalli ta Indiya ta hana injinan mayar da kwal gas a 2019 saboda gurɓatar ruwa da iska. A Najeriya masana'antun tayil sun taru ne a Ogun da yankin Ajaokuta saboda kusanci da iskar gas, kuma bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, shi ne zai iya sauya lissafin ga Arewa, inda akwai farar ƙasar yin tayil mai kyau a Ƙanƙara da Alkaleri.

Ramin

Bulo 10,000 suna cinye ƙasar da ta kai kusan tan 35, don haka maganar dagaci tana kan hanya. Duk wanda ya san kududdufan cikin birnin Kano ya san abin da rami ke zama idan aka bar shi ba mai kula: matattarar sauro da shara, wurin da yara ke nutsewa, daga baya a cike shi da bola a yi gini a kai. Ƙa'idar farko ita ce ƙasar sama, wato santimita 20 zuwa 30 na farko, ba ta bulo ba ce. Ita ce mai taki da ƙwayoyin ciyawa, kuma ba ta ma yin bulo mai kyau, sai a kwashe ta a tara gefe guda domin a mayar idan an gama. Kada a haƙa ko'ina barkatai, a raba filin gida-gida, a gama da ɗaya a gyara shi kafin a buɗe na gaba. Gefen ramin a yi shi gangare yadda mutum ko dabba za su iya fitowa, domin gefe mai tsaye yana zaftarewa a kan masu haƙa, musamman matan da ke kwakular yumɓu ta ƙarƙashi. A nisanci gaɓar kogi, gindin titi, maƙabarta da bayan gidaje, kuma fadamar da ake noman rani a cikinta ta fi daraja a bar ta gona.

Tun kafin haƙa ya yi nisa ku zauna da dagaci da mai filin ku yanke abin da ramin zai zama, a kuma rubuta. Yumɓu yana riƙe ruwa, saboda haka rami mai kyakkyawan tsari da shinge zai iya zama tafkin kiwon kifi, ko mashayar dabbobi, ko ma'ajiyar ruwan da kai kanka za ka yi kwaɓi da shi da rani maimakon sayen tanka. Kifi kuma yana cinye tsutsar sauro. A kewayen a dasa itatuwa masu tohowa bayan sara, irin su dalbejiya, waɗanda nan da 'yan shekaru za su rage maka sayen itace.

Ƙura da dalma

Ƙurar yumɓu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu laushi da ke maƙalewa a huhu su taurara shi, cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru, kuma ba ta warkewa. Daka tsingaro, tankaɗe da kwasar tokar buntu su ne ayyukan da suka fi haɗari, don haka a yayyafa ruwa kafin shara ko daka, a sa takunkumi mai tace ƙura na gaske, a kuma nisantar da yara. Ga magina tukwane ina da jan kunne guda. Tukunyar gargajiya da aka goge da dutse ba ta da illa, amma idan wani ya zo da dabarar sa mata ƙyalli da hodar da aka ciro daga tsohon batirin mota, a guje shi, domin dalma ce, tana narkewa cikin abinci mai tsami. Abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake ta hanyar sarrafa duwatsun zinariya ne, ya isa ya nuna girman haɗarin. A cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Suleja a farkon shekarun 1950, inda shahararriyar mai ginin tukwane Ladi Kwali ta yi aiki, ƙyallin da ake yi ya dogara ne a kan duwatsun yankin da toka, amma wannan yana buƙatar zafin da ya haura digiri 1,200, wanda toyin fili ba ya kaiwa.

Doka, da iyakar wannan amsa

A Najeriya haƙar yumɓu don kasuwanci tana ƙarƙashin dokar ma'adinai ta 2007, hukumar NESREA da aka kafa a wannan shekarar ita ke sa ido a kan hayaƙi da gurɓata muhalli, manyan ayyuka kuma dokar 1992 ta wajabta musu binciken tasirinsu ga muhalli kafin a fara. Ka je ma'aikatar muhalli ta jiharku da kanka ka tambayi abin da ya hau kan wuri mai girman naka, ya fi a zo a same ka. Maƙwabta kuma a riƙa sanar da su ranar kunna wuta, a matsar da matoya ɓangaren da iska ke ɗauke hayaƙi daga gidaje, tare da tuna cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, ta damina kuma daga kudu maso yamma.

Ya kamata kuma in faɗa maka cewa ba kowane bango ne yake buƙatar gasasshen bulo ba. Bulon ƙasa da ake matsawa da inji bayan an sirka shi da siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100 ba ya buƙatar itace ko kaɗan, kuma ya wadatar ga bangon da ke da tushe mai kyau da rufi mai inuwa, sai dai ya fi son jar ƙasa mai yashi a kan yumɓu mai danƙo. Kana iya sayar da shi tare da jan bulo, a bar gasasshen ga tushe da wuraren da ruwa ke taɓawa.

Alkaluman sirki da na kawo mafari ne kawai, domin yumɓun kowane rami da halinsa, har a rami ɗaya na sama yakan bambanta da na ƙasa, kuma ban taɓa naka da hannuna ba. Kafin ka kashe kuɗi a kan tanderu, ka ɗebi samfur daga zurfi daban-daban, kowanne a buhunsa da alamar inda aka ɗebo, ka haɗa da bulo mai kyau da fasasshe da littafin awonka na gashi uku ko huɗu, ka kai sashen koyar da aikin yumɓu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI, ka nemi su auna maka tsukewa, shan ruwa, ƙwari, da zafin da yumɓun ke fara narkewa.